Sayen tsohon kwale-kwale: a kifa shi kafin a taya

Mu mutanen Funtua da Malumfashi ba 'yan ruwa ba ne. Da garma muka tashi, da buhun masara da dilar auduga. Gulbin Sakkwato ma, da ya faro daga nan kusa da Funtua, a wajenmu rafi ne da yaro ke tsallakewa da rani ko wando bai naɗe ba. Sai ya yi nisa yamma yake zama abin tsoro. Madatsun ruwa ne suka kawo mana jirgi: Mairuwa da Gwaigwaye a ɓangaren Funtua, dam ɗin Malumfashi, Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, sai Challawa ta Ƙaraye a Jihar Kano da aka gama a 1992, wadda ba ta da nisa ga wanda ya bi ta Gwarzo. Yau za ka ga matashi yana ban ruwan tumatir da safe, da yamma ya shiga kwale-kwale ya je duba kallinsa. Da yake kuma katako ya yi tsada, yawancinsu na hannu suke saye.

A nan gizo ke saƙa. Mutumin da zai buɗe bakin bijimi ya faɗa maka shekarunsa, ya dubi kofato ya ce wannan ba zai kai ƙarshen huɗa ba, shi ne za a sayar wa ruɓaɓɓen jirgi yana ta godiya.

Haka ta faru da kawuna. Cikin watan Agusta, dam ya cika fal, ya ga jirgi ɗaure a gaɓa, an shafe shi da kwalta baƙi wuluk, an zagaye bakinsa da shuɗin fenti. Mai shi ya ɗauke shi suka zaga suka dawo, ko laima ba ta taɓa ƙafarsa ba. Ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. Ba a yi sati uku ba yaransa suka fara ƙorafi: in ɗaya na tuƙi, ɗayan ba shi da aiki sai kwarfe ruwa. Sai ya kira wani tsohon masunci, Bakabe, da ya daɗe a bakin dam ɗin. Ina wurin ranar. Tsohon nan ko leƙa cikin jirgin bai yi ba, ya ce a jawo shi tudu a kifa. Da aka kifa, ya karɓi basillar ɗinkin buhu a hannun wani yaro, ya ɗora tsininta a kan katakon ƙasa, ya danna da babban yatsa. Ta shige kamar a dafaffen rogo.

"Alhaji, a ina ka ga jirgin nan kafin ka biya?"

"A kan ruwa mana, Baba. Har zagayawa muka yi."

"To, ai kifi ka saya a ruwa."

Bai ƙara komai ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san da wannan misali ake koyar da cinikin garari, wato sayen abin da ido bai tantance ba. Rabin jirgi a cikin ruwa yake ɓoye, kuma a wannan rabin rai yake. Jirgin kawu dai a bayan gida ya ƙare, ana zuba wa shanun huɗa harawa a ciki.

Tun kafin ka bar gida, ka san aikin da kake nema wa jirgi. Na su daban, na ɗauko kayan lambu daga tsallake daban, na fito, wato ketarar da mutane, shi kuma wata magana ce mai nauyi da zan dawo kanta. Mai jefa birgi a tsaye yake aiki, yana bukatar jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi wanda ba ya rawa. Mai shimfiɗa kalli ko mamari shi kaɗai, siririn jirgi mara nauyi ya fi masa, don shi zai tuƙa, shi zai ja shi tudu. Ka kuma tuna halin ruwanmu. Daga watan Janairu injinan ban ruwa na zuƙa, rana na sha, gaɓa na ja da baya tana barin taɓo, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin gina dam suna matsowa sama. Ƙaton jirgin da aka ƙera a Yawuri don Kogin Kwara da tafkin Kainji yana son zurfi da fili. Ka kawo shi ƙaramin dam, rabin shekara a cikin laka zai yi, sai an tara ƙarti kafin a motsa shi.

Iri uku za ka fi cin karo da su. Akwai wanda aka sassaƙa daga gungume ɗaya. Ba shi da mahaɗa balle ƙusa, amma in ya tsage a tsaye, bin jijiyar itacen, tsagar ba ta tsayawa, kuma manyan itatuwan da ake sassaƙa irinsa sun yi wuya yanzu. Akwai na haɗin katako, shi ne ya fi yawa, kuma a kansa zan fi tsayawa. Sai na faiba, wanda ba ya ruɓewa kamar itace, amma kayan facinsa da mai iya facin ba a kowane gari ake samunsu ba.

A na katako, tambaya ta farko ita ce wane itace ne. Maɗaci da kawo da iroko na kudu suna jure ruwa shekaru. Farin katako mai taushi, irin na silin da akwatin tumatir, araha gare shi, araha kuwa ba ta ado. Kada ka tsaya kan abin da aka faɗa maka. Nemi izini ka kankare wuri kaɗan da wuƙa a ƙarƙashin benci: maɗaci ja ne mai duhu, farce ba ya kama shi; farin katako kuwa kana dannawa shatin farcenka zai fito. Wasu maƙera kan sa itace mai kyau a gefe inda ido ke gani, su sa na banza a ƙasa, don haka a kankara a wuri biyu ko uku.

Yanzu a jawo shi tudu a kifa. In mai jirgi ya fara kawo uzuri, wai ba mutane, wai laka, wai sauri yake, ka yi masa sallama cikin mutunci ka kama hanya. Kuɗin da za ka ba samari huɗu su ja shi ba su kai kuɗin katako ɗaya ba.

A wanke gansakuka da laka, a bar shi ya sha iska kamar awa ɗaya. Inda ya riga ya bushe lafiya lau ne. Inda ya ƙi bushewa, ya zauna da duhun laima bayan ko'ina ya yi fari, ka yi masa alama da gawayi, don katakon wurin ya sha ruwa har ciki. Daga nan ka ɗauki ƙaramar guduma ko ƙotar wuƙa ka bi shi da ƙwanƙwasa, taƙi bayan taƙi, yadda uwar gida ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa. Lafiyayyen katako ƙara yake yi, kau-kau, gudumar na dawo maka. Ruɓaɓɓe kuwa dum yake cewa, kamar ka bugi buhun dusa. Duk inda ka ji dum, sa basilla. In da ƙyar ta yi ɗan shati, ba komai. In ta shiga ba gardama, wannan katakon ya gama aiki, sai canji.

Wani abin da baƙon ruwa ba ya tsammani shi ne, katakon da ke nutse kullum ba shi ya fi saurin ruɓewa ba. Ruɓa tana son inda laima da iska ke haɗuwa: daidai layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, ƙarshen katakai a goshi da baya inda ruwa ke bin jijiya ya shige, ƙarƙashin itatuwan da aka gitta a ciki masu riƙe da jirgin kamar haƙarƙari, da lungun da ruwan sama ke kwanciya in an bar shi a buɗe. Nan za ka fi daɗewa. In an taɓa jingine jirgin a ƙasa wata da watanni, nemi hanyar gara, da ƙananan huji masu zubar da gari.

Ƙusa ita ce ta biyu. Jan zane na tsatsa da ke gangarowa daga kan ƙusa yana nufin ta fara cinyewa a ciki, kuma tsatsa kan baƙanta katakon da ke kewaye da ita ta ruɓar da shi, har ramin ya yi wa ƙusar yawa. Ka roƙi a zare ɗaya daga ƙasa ka gani da idonka. In ta fito siririya a tsakiya kamar an tsotse ta, 'yan uwanta ma haka suke. Bayan an mayar da jirgin daidai, kama bakinsa da hannu biyu ka girgiza da ƙarfi. Ya kamata ya motsa gaba ɗaya kamar abu guda. In gefe na tafiya haƙarƙari na tsaye, ko kana jin ƙiƙi-ƙiƙi, haɗin ya saki. Sannan ka koma can goshi ka tsuguna, ka rufe ido ɗaya ka hango shi har baya, yadda kafinta ke duba katako. Jirgin da ya murɗe kullum gefe ɗaya zai riƙa ja, kuma ba shi da gyara.

Faci ba abin kunya ba ne. Babu tsohon jirgin da ba shi da shi, kuma facin da aka yi a fili, aka yanke ruɓaɓɓen wuri aka dasa sabon katako, shaida ce mai shi na kula da kayansa. Wanda nake tsoro shi ne gwangwanin da aka buga a kan rami aka lulluɓe da kwalta. Ruwa na shiga ƙarƙashinsa ya kwanta, ruɓa na ci ba mai gani. Sabuwar kwalta mai sheƙi a jirgin da aka sa a kasuwa, ka ɗauke ta kamar wankin da ake yi wa babur ranar da za a kai shi wurin dillalai. Ba lallai ha'inci ba ne, amma ka tambayi abin da ke ƙarƙashi, ka kuma kankara.

Sai dai a yi wa mai kaya adalci ta wani wajen. Jirgin da ya yi hunturu a tudu, iska ta busar da shi, mahaɗan katakansa kan buɗe har ka hango haske. Wannan ba mutuwa ba ce. In aka cusa auduga ko tsumma a mahaɗar, aka bi da kwalta, aka jiƙa shi kwana biyu zuwa uku, katakon zai kumbura ya matse. Auduga kuwa ba a Funtua za a neme ta a rasa ba. Ka bambance buɗewar mahaɗa, wadda ruwa ke rufewa, da tsagewar katakon kansa. Shi ya sa ni a ganina ƙarshen rani ne lokacin saye. Ruwa ya ja baya, komai a fili yake, kuma da yawa masu sayarwa a lokacin kuɗin taki suke nema, ba gudun jirgin suke ba.

Na faiba ma da ƙwanƙwasa ake gane shi: inda ya ce dum, shimfiɗun cikinsa sun rabu. Duba tsaga mai kama da saƙar gizo a kusurwoyi, taka cikinsa ka ji ko yana lotsawa, ka fi mai da hankali ga bangon baya inda ake ɗaura inji, don galibi akwai katako a cikinsa, shi kuma yana ruɓewa a ɓoye.

Kada ka ga kamar ƙauyanci ne duk wannan. A Ingila da Faransa da Amurka, mai sayen tsohon jirgin yawon teku, irin mai tafiya da iska, da kuɗinsa yake ɗauko ƙwararren mai duba jirgi. A ɗaga jirgin sama da inji, mutumin ya bi shi da 'yar guduma yana saurare, ya sa na'urar auna laima, ya duba wayoyin da ke riƙe da dogon sandan jirgin, sannan a fita teku gwaji, kuma ba a kammala ciniki sai ya kawo rahoto. Namu ƙwararren shi ne tsohon masunci ko maƙerin jirgi. Sharaɗi ɗaya ne: kai za ka zo da shi, kai za ka sallame shi. Wanda dillali ya kawo maka, la'ada yake jira shi ma.

Bayan tudu sai ruwa. A kwarfe shi tas, a goge da tsumma, a loda masa irin nauyin da zai riƙa ɗauka. In buhu biyar na masara kake nufin ketarwa, to kilo 500 ke nan, ka sa buhunan ƙasa ko mutanen da suka iya iyo daidai wannan nauyi, a kusa da gaɓa. Jirgi wofi ba ya faɗin gaskiya, don mahaɗan sama ba sa taɓa ruwa sai an danne shi. Ku zauna awa guda, sannan ka auna abin da ya shigo da kofi. 'Yar laima ba ta da laifi a jirgin katako. Amma in kana ganin ruwa na tsattsafowa, bi shi da yatsa har ka gano mafarinsa. Ka kuma duba abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. In bai fi taƙi ɗaya ba a ruwan da ke kwance, iskar hadari ɗaya ta watan Yuni ta isa ta cika shi.

Maganar inji gajeriya ce ga mai su a ƙaramin dam: filafili da gora sun ishe ka, ba ruwanka da fetur. Wanda zai yi jigila a babban ruwa irin Zobe ko Challawa shi ke bukatarsa, kuma sau da yawa injin ya fi jirgin kansa tsada. Yamaha mai doki 15 ko 25 ko 40 ne aka fi sani a ruwayen Arewa, kayan gyaransa kuma sun fi sauƙin samu. Ka iske shi da sanyinsa. Taɓa shi ka ji, don injin da aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye wahalar tashi. Ja igiyar a hankali ka ji tana turjewa. In ta zo salalaf, ƙarfin matsinsa ya tafi. Kada a tayar da shi a tudu ko na minti ɗaya, robar da ke tura ruwan sanyaya shi ƙonewa take in ba ruwa. Ya tashi a cikin ruwa ko a durom, ka ga siririn ruwan nan da yake fitsararwa ta baya yana fita da ƙarfi. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa a ɗiga kaɗan a tafin hannu: in ya fito fari-fari kamar madara, ruwa na shiga, galibi saboda zaren kamun kifi ya naɗe a bayan farfela ya cinye robar da ke tare wurin. Cire fulogi ka duba, ka tambayi yadda yake haɗa mai. Yawancin irin waɗannan injina kashi 50 na fetur ake haɗawa da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Wanda ya ce da ido yake zubawa, ka san irin riƙon da injin ya sha. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, wajen Legas ko Fatakwal, za ka ga farin gari a jikinsa da notuna da suka ƙi kwantuwa, ka rage masa daraja. A ƙarshe ka gwada tsawon ƙafarsa da bangon bayan jirginka, don akwai gajere akwai dogo. Lambar injin tana jikin maƙalin da ake ɗaura shi. In an kankare ta, kada ka saya ko da kyauta ne.

Wannan ya kawo mu ga asalin kaya. Kwale-kwale galibi ba shi da takardu kamar mota, shaidarsa mutane ne. Kowane bakin ruwa yana da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta da ya san jirgin wane ne, wa ya ƙera shi, sau nawa ya nutse. A gabansa za a yi ciniki. A rubuta takarda da sunan mai sayarwa da mai saye da shaidu biyu, da lambar inji in akwai, da abin da ya biyo jirgin: filafili, gora, igiya, tanki. Ka tambaya ko jirgin na haɗin gwiwa ne ko na gado, kada bayan wata biyu wani ƙane ya ɓullo. In za ka ba da kafin alƙalami, a faɗa a gaban shaidu cewa sai jirgi ya ci gwajin ruwa ciniki zai tabbata. Kafin duk wannan ma, ka je wurin shugaban masunta na ruwan da za ka kai shi ka ji ƙa'idarsu. Wasu dam ɗin ruwan sha ne na gari, ba ko'ina ake barin inji ko kowace irin raga ba.

In daga nesa za ka sayo, lissafa kuɗin mota tun farko. Daga Yawuri, ko ka biyo ta Kwantagora da Tegina da Birnin Gwari, ko ka zagayo ta Jega da Sakkwato da Gusau, kowacce doguwa ce, kuma kowa ya san sai an tambayi lafiyar hanya kafin a kama ta. Jirgin da aka ɗora a kan buhuna rabinsa na reto a bayan mota, kafin ya iso haɗinsa ya saki. A shimfiɗa masa tsofaffin tayoyi, a tallafe shi tun daga goshi har baya, a rufe shi daga rana.

Na ce zan dawo kan fito. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a Kebbi ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150 a ciki. Ranar 30 ga Nuwamban wannan shekarar, a dam ɗin Watari na Ɓagwai a Kano, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A Mayun 2022 kuma abin ya zo gida, a Mai'aduwa, inda jirgi ya kife da yara masu yawon Sallah. Lodi fiye da kima shi ne abin da ake ta ambata bayan irin waɗannan haɗurra. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya ga duk wanda ya shiga jirgi. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Jirgin da ka samu katakon ƙasa ko ɗaya ya ruɓe, kana iya gyara shi ka yi su da shi kusa da gaɓa, kai da ka iya iyo. Amma ba na ɗaukar 'ya'yan mutane ba ne. Mai niyyar fito ya sa kuɗin rigunan kariya cikin kuɗin jirgi, ya auna iya mutanen da zai ɗauka ranar gwaji, ya rubuta adadin da fenti a goshin jirgin inda fasinja zai gani, don ranar kasuwa ko ranar biki kunya ba za ta bar shi ya ce wa dattijo ya sauka ba.

Ka ware wani abu daga kuɗinka don gyaran farko. Ban taɓa ganin jirgin hannu da bai nemi kwalta da ƙusa da katako ɗaya ko biyu ba. In ya iso, kada ka ɗora masa kaya ranar. A cusa auduga inda ya buɗe, a shafe, a tura shi ruwa mara zurfi a ɗaure, a bar shi ya sha har kwana uku. Ran na huɗu a kwarfe shi tas da asuba, a dawo da azahar a duba abin da ya tara.